Fim ɗin fatalwa da ƙaramin jari: yaya suka yi shi a 1962, kuma labarin zai karɓu a wajenmu?

Ɗan Kakuri:

Assalamu alaikum. Tambayoyi biyu ne da ni ga waɗanda suka san harkar fim, amma sai na ɗan yi shimfiɗa kafin in kai gare su.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna da walimar sauka. Ina da kyamara ɗaya mai kyau, da fitilu biyu, da kwamfutar da nake tace aiki a kanta. Na daɗe ina son yin fim na kaina, kuma na fatalwa nake so. Duk wanda na tuntuɓa sai ya ce mini fim ɗin tsoro kuɗi yake ci, wai sai an yi siddabarun kwamfuta, mutum ya ɓace ɓat, ya ratsa bango, idonsa ya koma ja. Ni kuwa na lura irin wannan siddabarun in aka yi shi da araha, dariya yake ba mutane. Kowa ya san yadda muke yi: a lulluɓe yaro da farin ƙyalle, a labta masa hoda, a sa muryarsa tana amsa-kuwwa. Yara su yi ihu, manya su ci gaba da hirarsu.

To kwanan nan na kalli wani tsohon fim na Amurka mai suna Carnival of Souls, na 1962. Baƙi da fari ne, bai kai awa ɗaya da rabi ba, kuma yana nan kyauta a intanet. Wanda bai gani ba kuma ba ya son a ɓata masa, ya je ya kalla ya dawo, don zan faɗi ƙarshensa.

'Yan mata uku ne a mota, wasu samari suka ja su tsere. A kan wata tsohuwar gada motar 'yan matan ta ƙwace ta faɗa kogi. Aka yi ta lalube ba a ga motar ba. Bayan awa uku sai ga ɗaya daga cikinsu, Mary Henry, ta fito daga ruwa, jikinta duk taɓo, ba ta san yadda aka yi ta tsira ba. Ba ta tsaya makoki ba. Ta haɗa kayanta ta bar jihar Kansas ta nufi Utah, inda ta sami aikin kaɗa ogan, wato babban abin kiɗan coci mai bututu. A hanya da dare sai ta ga fuskar wani mutum fari fat, sanye da kwat, a jikin gilashin motarta, alhali motar gudu take yi. Daga nan mutumin nan bai rabu da ita ba. Ba ya magana, ba ya kai mata hannu, kallonta kawai yake yi. Akwai kuma wani ƙaton kango a bakin tafki, mai ƙubbobi, da yake ta jan hankalinta ba ta san dalili ba.

Wurin da ya tayar mini da tsigar jiki babu fatalwa a cikinsa ko ɗaya. Da rana tsaka ne. Ta shiga babban kanti sayen riga, ta shiga ɗakin gwaji, ta fito ta yi wa mai kanti magana. Matar ba ta ko ɗago kai ba. Ta sake magana, shiru. Ta juya wajen wata, ita ma haka. Sai mai kallo ya farga cewa duk hayaniyar kantin ta ɗauke. Ta fita titi, ga motoci suna wucewa, ga mutane bakinsu yana motsi, babu sautin komai sai ƙwas-ƙwas ɗin takalminta. Ta yi ta yawo a cikin jama'a ba mai ganinta, har ta isa wani lambu ta tsaya a gindin bishiya, sannan wani tsuntsu ya yi kuka, duniya ta dawo mata. Wallahi na kalli fina-finan da aka zubar da jini bokiti-bokiti, babu wanda ya sa gabana ya faɗi irin wannan. Kuma me aka kashe a wurin? Sautin kawai aka cire.

A ƙarshe aka jawo motar daga kogin, sai ga gawar Mary a ciki tare da ƙawayenta biyu. Ashe tun ranar farko ta mutu, ita ce dai ba ta sani ba.

Tambaya ta farko: an ce dala 33,000 aka kashe. Su wane ne suka yi shi, kuma wace dabara suka bi? Ta biyu, wadda ta fi damuna: labarin mamacin da yake yawo bai san ya mutu ba, zan iya kawo wa mutanenmu shi ba a ce na taɓa aƙida ba? Ko dole ne in mayar da shi labarin aljani?

Tsohon Majigi:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ɗauko abin da na daɗe ina so in ga matasanmu sun waiwaya. Zan amsa ta farko, ta biyu kuwa na bar wa masu ilimin.

Wanda ya ba da umarni sunansa Herk Harvey, kuma wannan ne dogon fim ɗaya tilo da ya kammala a rayuwarsa. Ba ɗan Hollywood ba ne. Ma'aikaci ne a wani kamfani mai suna Centron a garin Lawrence na jihar Kansas, aikinsu shirya gajerun fina-finan wayar da kai na makarantu da masana'antu: yadda ake kiyaye haɗari, yadda ɗalibi zai zauna da mutane, irin waɗannan. Kusan shekara 10 ya yi yana wannan aiki kafin ya taɓa fim ɗin da kake magana. Ka riƙe wannan da kyau. Kuɗinsu ne kaɗan, amma hannunsu ya faɗa. Mai ɗaukar hoton, Maurice Prather, da marubucin, John Clifford, duk abokan aikinsa ne a can. Kullum suna cikin haska ɗaki da gama aiki a kan lokaci da abin da ke hannu. Kai ma ɗaukar biki ta koya maka fiye da yadda kake zato, don wanda ya iya kama fuskar amarya a ɗaki mai ƙwan lantarki ɗaya, mutane suna ture shi, ya san haske.

Abu na biyu, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan fim ɗin: wurin aka fara samu, sannan aka rubuta labari. Harvey yana dawowa daga Kalifoniya a mota ya hango kangon nan a bakin Babban Tafkin Gishiri, kusa da birnin Salt Lake. Sunan wurin Saltair. Wurin shaƙatawa ne da aka gina a 1893 a kan turaku cikin ruwa, da filin rawa makeke. Gobara ta cinye shi a 1925 aka sake ginawa, daga baya kasuwa ta mutu, ruwan tafkin ya ja baya ya bar ginin a tsaye kan busasshen taɓo, aka rufe shi a ƙarshen shekarun 1950. Da Harvey ya koma gida sai ya ce wa Clifford ya rubuta abin da ya ga dama, sharaɗi ɗaya ne, a ƙare da matattu suna rawa a wannan fili. Da za a ce su gina irin wannan wuri, kuɗin fim ɗin gaba ɗaya ba zai yi ko ƙubba ɗaya ba. Dala 50 suka biya aka bar su suka yi aiki a ciki. Ginin ma ya sake ƙonewa a 1970, don haka yau fim ɗin yana cikin abubuwan da suka adana kamanninsa.

Haka suka bi da sauran. A Lawrence akwai masana'antar ƙera ogan ta Reuter, sai aka mayar da yarinyar makaɗiyar ogan don a yi amfani da wurin, kuma kiɗan fim ɗin dukansa ya zama na ogan, mutum ɗaya, Gene Moore, ya kaɗa. Ka ga an huta da ɗaukar tawagar makaɗa. Jarumar, Candace Hilligoss, daga New York aka ɗauko ta saboda ta yi karatun wasan kwaikwayo sosai, sauran yawanci 'yan gari ne. Wanda ya fito a maƙwabcinta mai naci ɗalibi ne a Jami'ar Kansas. Farin mutumin nan mai kwat kuwa Harvey ne da kansa. Fuskar da ka gani a gilashin mota, madubi aka karkata a wajen tagar. Kyamarar hannu ta Arriflex mai batir suka yi amfani da ita, irin ta masu ɗaukar labarai, shi ya sa suka iya shiga mota tana tafiya suna ɗauka. Harvey hutun mako uku ya karɓa a wajen aiki, a ciki aka gama ɗauka. Tsabar kuɗin da ya tara daga 'yan kasuwar garinsu dala 17,000 ne, ragowar haƙƙin ma'aikata ne da aka ce sai fim ya fita a biya.

Sai dai ga inda nake so ka buɗe kunne. Fim ɗin bai yi kasuwa ba. Sun miƙa shi ga wani ƙaramin kamfanin rarrabawa, Herts-Lion, aka datse shi, aka haɗa shi da wani fim ana nunawa a sinimar fili ta masu kallo daga cikin mota. Kamfanin ya durƙushe, kuɗi ba su dawo ba. Ƙari a kan haka, kwafin da aka saki a Amurka ba a sa masa shaidar haƙƙin mallaka ba, kuma a dokarsu ta lokacin wannan ya isa ya mayar da shi na kowa. Dalilin da ya sa ka same shi kyauta ke nan. Gidajen talabijin suka yi ta saka shi da tsakar dare, a nan ya tara masoya, sai a 1989 aka gyara shi aka sake kai shi sinima, masu sharhi suka yaba. Harvey ya ga wannan da idonsa kafin ya rasu a 1996, amma shekara 27 ya jira. Mu da muka ga zamanin kaset da faifai a Ƙofar Wambai mun san irin wannan ciwon. Kafin ka kunna kyamara, ka san ta inda fim ɗin zai fita da kuma wanda zai riƙe haƙƙinsa, a rubuce.

Maman Ilham:

Ƙanena, Allah ya sa albarka a niyyarka. Ni ba 'yar fim ba ce, malamar Islamiyya ce, kuma ina kallo tare da 'ya'yana, shi ya sa tambayarka ta biyu ta shafe ni.

Maganar aƙida a fili take. A Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, an ba da labarin wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi duniya, aka ce a'a, kuma a bayansu akwai barzahu har ranar da za a tashe su. Larabawan jahiliyya suna da camfin cewa ran wanda aka kashe yana zama tsuntsu yana kuka a kan kabarinsa har sai an ɗaukar masa fansa, kuma hadisi ingantacce a Buhari da Muslim ya kore wannan. Saboda haka in ka nuna a fim cewa ruhin wane ne ya tashi daga kabari yana zaga gari, kuma fim ɗin ya tsaya a kan cewa haka abin yake, za a yi maka ca, kuma masu yin ca ɗin suna da hujja. Kada ka ce ai fim ne kawai. Yaron da ya kalla yana ɗan shekara tara ba ya rarrabewa. Na sha fama da ɗalibai mata da ke tsoron shiga ɗakin da kakarsu ta rasu, wata ma ta ƙi zuwa gaisuwar mutuwa saboda abin da ta gani a talabijin.

Amma kuma ba zan ce maka labarin fatalwa baƙo ne a wajenmu ba. Mun taso muna ji. Kakata tana ba mu labarin mutumin da ya rasu a garinsu aka yi masa sutura, bayan shekaru wani fatake ya gan shi a wata kasuwa mai nisa yana awon hatsi, har ya yi aure a can ya haihu. Da fataken ya kira sunansa, sai ya ce bari ya zaga ya dawo. Ba a sake ganinsa ba, aka bar matar da 'ya'ya da tambaya. Yarbawa ma suna da irin wannan, suna ce masa akudaya. Abin da malamai da dama suke cewa a kan irin waɗannan labarai shi ne, in ma an ga wani abu, to ba mamacin ba ne, aljani ne ya ɗauki siffarsa. Kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa kowane mutum an haɗa shi da abokin zama daga cikin aljanu, wanda ake kira ƙarinu.

Shawarata ita ce ka juya kyamarar wajen masu rai. Ka ɗauki matar da take takaba, wata huɗu da kwana goma a cikin gida, ba kwalliya, ba fita sai da larura. Masu zaman makoki sun watse bayan sadakar bakwai, gida ya yi tsit. Kullum da asuba tana jin an ɗauki buta a inda mijin yake ɗauka. Takalminsa da ta ajiye a bayan ƙofa ta tarar an juya shi yana kallon waje. Shin baƙin ciki ne yake taɓa mata hankali, ko wani ne a gidan yake mata haka saboda gado, ko mutanen ɓoye ne? Ba sai ka yanke hukunci da wuri ba. Matan da suka yi takaba za su gane wannan fim tun daga minti na farko, kuma ba ka ce mamaci ya dawo ba.

In a Kano za ka sake shi, ka tuna akwai Hukumar Tace Fina-finai tun 2001. Gara ka nuna wa malamin da ka yarda da shi rubutun tun yana takarda.

Mai Sauti:

Mutumina, bari in ɗan rage wa abin zaƙi, don kada ka shiga da zaton da zai karya maka gwiwa.

Dala 33,000 ta 1961, shekarar da aka ɗauki fim ɗin, ba dala 33,000 ta yau ba ce. In ka bi faɗuwar darajar dala, ka ninka ta kusan sau 10. Ƙaramin jari ne a ma'aunin Hollywood, amma ba kuɗin aljihu ba ne. Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne a kan fim na milimita 35 suka ɗauka, wanda sai an saya an kuma biya kuɗin wanki, kai kuwa katin memori ɗaya ya ishe ka. Kuma fim ɗin yana da aibu. Akwai inda takun Mary bai dace da ƙafarta ba, sauti yana gaba ƙafa tana baya. Hirarrakinta da maƙwabcin nan sun yi tsawo, wasu 'yan wasan kuma karanta magana kawai suke yi. An yafe musu ne saboda sauran ya yi ƙarfi. Masu kallon YouTube na yau in minti biyu suka wuce ba abin da ya kama su, sun tafi.

Za a kuma kawo maka misalin Paranormal Activity, wanda Oren Peli ya ɗauka a gidansa a San Diego cikin mako ɗaya da dala 15,000, ya kuma tara sama da dala miliyan 190. Gaskiya ne. Amma an fara nuna shi a 2007, bai shiga sinimomi sosai ba sai 2009, bayan kamfanin fina-finai na Paramount ya karɓa ya sake kashe kuɗi a kan gyara da talla. Dubbai sun gwada irinsa ba wanda ya ji labarinsu. Abin ɗauka a wajensa shi ne kyamara a kafe wuri ɗaya tana kallon gado da ƙofa, mai kallo yana ta zare ido yana jiran abin da zai motsa.

Yanzu ga tawa sana'ar. Wurin kantin da ya burge ka ya yi aiki ne saboda kafin a ɗauke sautin akwai sauti mai kyau da za a ɗauke. In tun farko fim ɗinka cike yake da gurnanin janareta da iskar da ke bugun makirfon, ranar da ka yi shiru mutane za su ɗauka wayarsu ce ta lalace. Don haka kada ka dogara da makirfon ɗin jikin kyamara. Ka ari ko ka yi hayar rikoda daban da makirfo na sanda. Janareta a kai shi bayan gida da doguwar waya, ko ku yi da fitilun caji. Duk ɗakin da kuka gama ɗauka, kowa ya tsaya cak minti ɗaya a naɗi shirun ɗakin, don kowane ɗaki da irin nasa shirun, kuma da shi za ka liƙe yanka-yankan da ka yi a wajen tacewa. Ka fita kai kaɗai da rikoda ka tara kayanka: ƙarar ƙyauren langa-langa, kwanon rufi yana ƙas-ƙas da rana ta faɗi, kukan gyare, tafiyar silifa a kan siminti, ruwa yana zuba daga buta. Kuma don Allah ka bar kiɗan nan na kibod da ake bugawa dum a duk lokacin da abu zai fito. Yana sanar da mutane su shirya, in sun shirya kuwa tsoro ya tafi.

Ɗan Kakuri:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Tsohon Majigi, maganar a fara samun wuri ta buɗe mini ido, don wurin yana gabana tun ina yaro. A Kakuri na tashi. Masaƙar Kaduna ta farko an buɗe ta a 1957, ta tsaya a 2002, wasu ma suka bi bayanta. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne. Na san lokacin da in aka busa jiniyar canjin aiki titi yake cika da kekuna, masu abinci suna jere a bakin ƙofa, mutum ba ya jin maganar na kusa da shi saboda rurin injuna. Yau ka bi ta wajen, ciyawa ta fi mutum tsawo, tagogi sun farfashe, tantabaru ne a cikin rufi. Dattawan da suka yi aiki a wuraren nan da yawa sun rasu suna jiran haƙƙinsu.

Anti Maman Ilham, labarin mai takaba yana da kyau sosai, kuma na yarda da duk abin da kika faɗa a kan aƙida. Ba zan nuna mamaci ya dawo ba. Amma akwai abin da ba na so in saki. Abin da ya kama ni a wancan fim ba tsoron ganin fatalwa ba ne, tsoron ka yi magana a ƙi amsa maka ne. Kuma ina ganin wannan zai fi ciwo a wajenmu fiye da Amurka. A can mutum yana iya wuce maƙwabcinsa ba gaisuwa, ba wanda zai ce komai. Mu kuwa a ce dattijo ya iso majalisar da ya shekara 30 yana zama, ya yi sallama, a ci gaba da hira. Ya ɗaga murya ya sake, ba wanda ya matsa masa a kan benci. Ya miƙa wa mai shayi hannu, mai shayi ya miƙa kofi ga na bayansa. Ya shiga gidansa ya yi gyaran murya a zaure, yara ba su taso sun karɓi ledar hannunsa ba. Babu Bahaushen da zai kalli wannan bai ji a jikinsa ba. Kuma na ga an yi wa masu rai kusan haka. Bayan an rufe masaƙa, mahaifina da abokansa sun yi shekaru suna zarya ofis-ofis da takardunsu a cikin leda, su yi sallama, a amsa ba a ɗago kai ba.

Maganar ƙarinu da kika kawo ita ce nake jin ta warware mini. Ga yadda nake tunani. Wani tsohon ma'aikaci kullum da sassafe yana ɗaukar kekensa ya tafi masaƙa, ya shiga ta ƙofar da babu mai gadi, ya tsaya a gaban injinsa. Mu masu kallo muna jin rurin injuna yadda yake ji. In kyamara ta koma bayan wani yaro mai kiwon awaki da ke leƙe ta taga, sai shiru, sai kukan tantabaru. Da yamma ya koma unguwa ba mai amsa masa. Mutum ɗaya ne kawai yake ganinsa, ƙaramar jikarsa, ita ma ba ta matsowa. Can gaba za a gane cewa dattijon ya rasu tuntuni, yana kabarinsa, ana yi masa addu'a. Wannan da muke bi abokin zamansa ne na ɓoye, wanda ya shekara 60 yana biye da shi har bai san wata hanya ba sai tasa, bai san wata fuska ba sai tasa. Ba farin ƙyalle, ba hoda. Tsohuwar rigar aiki ce kawai da hula, da keke mai ƙarar sarƙa. Zan kai wa malaminmu na unguwa rubutun kafin in nemi ko ɗan wasa ɗaya, in ya ce akwai gyara a gyara.

Mai Sauti, zan neme ka ta akwatin saƙo. Ina da tambaya a kan rurin injin saƙa, tunda waɗanda zan ɗauka ba sa aiki.

Mai Sauti:

Wannan mai sauƙi ne. Ka je wajen masu injin niƙa da masu ɗinkin kamfani inda kekuna da yawa suke aiki lokaci ɗaya, mu naɗo kowanne daban, mu jera su a kan juna, mu rage musu sauri kaɗan su yi nauyi. Sai mu sami wani da ya yi aiki a masaƙar mu sa masa a kunne, shi zai gaya mana ko mun kusa.

Tsohon Majigi:

Ɗana, labarin ya zauna. Abu biyu zan ƙara. Kada ka tsallaka katangar kowa da kyamara, ko da ka ga ba mai gadi. Wuraren nan suna da masu su, wasu ma maganarsu tana gaban hukuma. Ka nemi izini a rubuce, ka sanar da mai unguwa da 'yan sanda na yankin, kuma ka shiga da wanda ya san ginin, don rufin da ya shekara 20 ba gyara ba a yarda da shi, ga macizai. In ba a ba ka masaƙa ba, akwai tsofaffin ɗakunan ajiya da gine-ginen reluwe da za su yi maka aikin.

Sannan ka jira hunturu. Hazon Disamba da Janairu zai tace maka rana, ya shafe bayan hoto, dattijonka ya fito daga cikin ƙura a kan kekensa ba ka kashe ko sisi ba. Ka riƙa ɗauka daga fitowar rana zuwa hantsi, ka rufe kyamara da ƙyalle tsakanin ɗauka da ɗauka saboda ƙurar. Wanda zai hau keken kuma ka nemo shi cikin tsofaffin ma'aikatan da kansu, akwai waɗanda suka yi wasan kwaikwayo a ƙungiyoyin ma'aikata da na makaranta. Ka biya shi kuɗinsa a hannu ranar da aka gama, kada ka ce sai fim ya fita.